Ƙera bodin janwe a kan Kanta da tsoma shi a tutiya

Duk wanda zai ƙera bodin ɗaukar mota mai lalacewa, kuma yana so a tsoma shi a narkakkiyar tutiya don kare shi daga tsatsa, to ya yanke wannan shawara tun kafin ya yanka ƙarfen farko. Bodin da aka ƙera don fenti daban, wanda aka ƙera don tutiya daban. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga nan take tasowa: a gama walda tsaf, a kai masana'anta, su ce ba zai shiga kwamin da suke narka tutiya a ciki ba, ko su ƙi karɓa don babu hudar iska, ko kuma ya fito a murɗe kamar busasshiyar fata. Bayanin da ke tafe na bodi ne mai shimfiɗa wanda ba ya motsi, mai ɗan gangare ta baya da tsanin hawa biyu da winci, wato na'urar jawo mota da igiya, a kan Mitsubishi Canter, wadda muka fi sani da Kanta. Lissafin yana aiki a kan Isuzu NPR da Toyota Dyna ma, muddin an auna su.

Fara da sikeli

A jikin ƙofa ko a shasi akwai ƙaramin faranti da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da kayanta gaba ɗaya. Ka cire tsohon bodi, ka cika tanki, ka kai motar sikelin auna manyan motoci, ka auna ƙafar gaba daban, ta baya daban. A ce farantin ya nuna kilo 6,500, sikeli ya ba ka 2,500. Cire 250 na direba da yaron mota da kayan aiki, cire kamar 800 na sabon bodi da winci. Saura 2,950. Corolla tana wajen kilo 1,300, Hilux da Highlander suna wajen tan biyu, saboda haka akwai sarari. Amma idan ƙaramar Kanta ce, wannan lissafi zai nuna maka cewa kowane kilo da ka ƙara wa bodi daga kayan da za ka ɗauka ka cire shi. Mai walda yakan ɗauka ƙarfe mai kauri shi ne inganci. A janwe ba haka ba ne, bodi mai nauyi yana cin sifirin da birki da taya ko da motar ba ta ɗauki komai ba.

Sai tsawo. Auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Abin da zai zarce tayar baya kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na wannan tazara. Idan tazarar mita 3.85 ce, wutsiyar ba za ta wuce mita 2.3 ba, kuma bodin zai tashi wajen mita 5.3 zuwa 5.4, bayan ka bar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da kan mota. Wannan ya isa Camry da Sienna. Idan wutsiya ta yi tsawo, nauyin motar da aka ɗora yakan koma bayan tayar baya, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina kama hanya. Faɗi kuwa mita 2.1 zuwa 2.2 ya wadatar.

Kafin ka zana komai, ka kira masana'antar tutiya ka tambaye su abu uku: tsawon kwaminsu da faɗinsa da zurfinsa, nauyin da ƙugiyarsu take ɗagawa, da yadda suke son hudar iska. Yawancin irin waɗannan masana'antu a Najeriya suna kudu ne, wajen Legas, don haka mai aiki a Kano ko Kaduna sai ya sa kuɗin kaiwa da dawowa a lissafi. Kwamin yakan kasance dogo, mai zurfi, amma tsukakke, shi ya sa a kan gefe ake zura bodi. Idan zurfin bai kai faɗin bodinka ba, za a tsoma rabi sannan a juya a tsoma rabi, kuma wannan shi ne babban abin da ke murɗa ƙarfe, domin gefe ɗaya yana zafi ɗaya yana sanyi. Abin da ke rage murɗewa shi ne a ƙera bodin gunduwa-gunduwa: firam daban, daɓen daban, allon gaba daban, tsani daban, a haɗa da noti bayan an dawo.

Ƙarfen da za ka saya

Dogayen ƙarafa biyu da za su kwanta a kan shasi: canel, wato ƙarfe mai siffar U, mai tsayin milimita 120 da leɓe 55, wanda kowace mita take da nauyin kilo 13.4. Biyun za su kai kilo 145. Ƙarafan gicciye: canel 80 da 40 mai kaurin milimita 4, ɗaya a kowane santimita 40, wato kamar guda 14, wajen kilo 140. Gefe biyu: farantin milimita 4 da aka lanƙwasa ya zama canel 120 da 50, wajen kilo 70. Daɓe: ceka filet, wato faranti mai ƙuraje da ke hana santsi, na milimita 3, wanda murabba'in mita ɗaya yake kai kilo 26. Idan ka rufe bodin duka za ka ci kilo 300. Idan ka yi layi biyu na bin taya, kowanne faɗin santimita 60, ka bar tsakiya da raga ko a buɗe, kilo 170 ne. Mun fi son layi biyun, sai fa idan za a riƙa ɗaukar Keke Napep ko janareto, waɗanda ke buƙatar tsakiya.

Za ka lura duk canel muka lissafa, babu fayif mai kusurwa huɗu. Da gangan ne. Canel a buɗe yake, asid da tutiya suna shiga su fita ba tare da an huda ba. Fayif kuwa rufaffe ne, kowane guntunsa sai an yi masa hanyar numfashi. A bar fayif ga allon gaba da tsani kawai. Haka kuma kaurin ƙarafan ya yi kusa da juna, mafi kauri kada ya wuce ninki biyu da rabi na mafi siriri. Siririn ƙarfe yana ɗaukar zafi nan take ya miƙe, mai kauri yana nan bai motsa ba, sai siririn ya rasa wurin zuwa ya kumbura.

Ƙarfen gwanjo na Ƙofar Ruwa ko Panteka yana da sauƙin kuɗi, kuma tsatsa ba matsala ba ce, asid zai cinye ta. Fenti da kwalta su ne matsala, asid ba ya taɓa su. Duk ƙarfen da ke da tsohon fenti sai an feshe shi da yashi ya koma fari, in ba haka ba wurin zai fito baƙi babu tutiya. Sabon fayif ma yakan zo da baƙin shafe daga kamfani, shi ma sai an cire.

Haɗa firam

Kada ka haɗa firam a kan motar. Ka jera dawakan ƙarfe huɗu a daɓe, ka daidaita su da ma'aunin ruwa, ka ɗora dogayen canel biyun a daidai faɗin shasinka. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, bambancin layukan biyu kada ya wuce milimita 3. Bakin kowane canel na gaba a yanke shi a karkace, kamar digiri 30, a goge ƙasansa ya yi santsi. Idan aka bar shi a tsaye da kaifi, duk lokacin da mota ta faɗa rami wannan baki yana sarar shasi a wuri guda, kuma a nan shasi yake tsagewa, dab da bayan kan mota.

Gangaren baya ya zama tsawon mita 1.2, a karkace digiri 10 zuwa 12, wanda zai sauke bakin bodi da kamar santimita 23. Ana yanke ɗan alwatika daga jikin canel, a lanƙwasa, a yi walda ta ciki da waje, sannan a ɗora faranti mai siffar kifi na milimita 6 a kan mahaɗin. Ka tuna ka bar wa tayar baya sarari: ka duba tazarar da ke tsakanin aksil da robar da ke tsayar da shi, ka ƙara santimita 5, wannan ne mafi ƙarancin abin da zai kasance tsakanin taya da ƙasan bodi.

Ka ɗiga wa kowane ƙarfe walda tukuna, ka sake aunawa, sannan ka fara cikawa daga tsakiya zuwa baki, dama sau ɗaya hagu sau ɗaya, kana barin wuri ya huce. Wanda ya kama gefe ɗaya ya zuba masa wuta daga farko har ƙarshe ya tara wa ƙarfen damuwa a ciki. Ba za ta nuna a shago ba, sai ranar da ya shiga zafin kwami ta saki, firam ya fito kamar baka. Sandar walda 6013 geji 10 ta isa yawancin aikin, amma mahaɗin gangare da gindin winci da ƙugiyoyin ɗauri a yi su da 7018 busasshiya. A ƙarƙashin kowane ƙarfen gicciye, inda ya zarce dogon canel, a sa ɗan alwatika ya tallafe shi, domin tayar motar da aka ɗora tana sauka ne kamar santimita 35 zuwa 40 a wajen shasi.

Winci da tsani da wurin ɗauri

Gindin winci farantin milimita 10 ne, kuma a kan dogayen canel biyun zai zauna, ba a kan daɓe ko allon gaba ba. Winci mai lamba 12,000, wato wajen tan 5.4, shi ya dace. Wani zai ce ya yi yawa ga motar tan biyu. Idan tayoyi suna juyawa, jan da ake buƙata a kan tsani bai fi kilo 700 ba. Amma motar da ta yi haɗari, tayoyi sun ƙage, tana buƙatar jan da ya kai nauyinta ko ya fi. Sannan lambar da aka rubuta ta layin farko na igiya a kan gangar winci ce, ƙarfin yana raguwa da kowane layi da ya hau. Ka duba ko motarka mai batir 24 ce ko 12 kafin ka saya.

Tsani shi ne inda ake yawan yin rowa. Idan daɓen yana da tsayin mita ɗaya daga ƙasa, bakin gangare zai tsaya a santimita 75 zuwa 77. Tsani mai mita 2.5 zai ba da hawa na digiri 17 da ɗoriya, kuma bambar ƙaramar mota za ta goga. Mai mita 3 yana saukar da shi ƙasa da digiri 15. Ka yi masa aljihu a ƙarƙashin bodi inda zai riƙa shiga, ka bar sararin aƙalla milimita 5 ta kowane gefe, domin tutiya tana ƙara kauri kuma tana barin ƙuraje. Ƙugiyoyin ɗauri kuwa a jera su a gefe, ɗaya a kowane santimita 50, don a samu ɗaure tayoyi huɗu ko wace irin mota ce.

Shirya shi don kwami

Nan ne ya kamata a zauna a natsu. A masana'anta za a wanke ƙarfen da ruwan soda mai cire maiƙo, a ɗauraye, a jiƙa shi a asid ya cinye tsatsa, a sake ɗaurayewa, a tsoma shi a wani ruwan gishiri da ke sa tutiya ta kama, a busar, sannan a zura shi cikin tutiyar da ke narke a zafin digiri 450. Ruwan da ya maƙale a cikin rufaffen fayif, idan ya gamu da wannan zafi, yana zama tururi ya kumbura fiye da sau 1,700. Fayif ɗin yana fashewa ya watsa narkakkiyar tutiya a kan ma'aikata. Saboda haka maganar huda magana ce ta rai.

Kowane guntun fayif a huda shi a bakinsa biyu, huda ɗaya a kusurwar sama ta wannan baki, ɗaya a kusurwar ƙasa ta wancan, kusa da walda yadda zai yiwu. Ta ɗaya iska ke fita, ta ɗaya tutiya ke shiga ta kuma tsiyaye. Fayif 50 da 50 yana son hudar milimita 12, mai 100 da 50 yana son 16 zuwa 20. Hudar ta kasance a waje inda ido zai gan ta, domin mai karɓar kaya a masana'anta ba zai yarda da wadda aka ce tana ciki ba. Duk alwatikan tallafi a datse kusurwarsa ta ciki da milimita 20 zuwa 25. Inda ƙarfen gicciye ya shiga cikin canel na gefe ya yi lungu, a huda lungun. Hanya mai sauƙi ta ganewa: ka ɗaga firam ɗin a karkace yadda za a rataye shi, ka kwarara masa ruwa da tiyo. Duk inda ruwa ya kwanta, tutiya za ta taru ta daskare ta zama dunƙule da za ka biya kuɗinsa a sikeli. Duk inda ruwa bai kai ba, iska za ta maƙale, wurin ya fito tsirara.

Inda faranti ya kwanta a kan faranti, kamar kifin mahaɗin gangare, a zagaye shi da walda ba tare da ko ƙofar allura ba. Idan aka yi waldar tsallake, asid yana shiga tsakani, tutiya kuma ba ta iya bin sa saboda ta fi shi kauri, bayan 'yan makonni sai ka ga jan ruwa yana zubowa daga mahaɗin. Idan faɗin wurin da suka haɗu ya wuce santimita 10 da 10, a huda ɗaya daga cikin farantan da milimita 10 don iskar tsakani ta samu mafita.

Kashin walda ba ya narkewa a asid. A kankare shi duka da guduma da burushin waya, har na lungu. Feshin hana tartsatsi mai silikon, da rubutun alƙalamin fenti, da takardar kamfani mai gam, duk suna hana tutiya kamawa. A yi alama da alli. Don gane gunduwa bayan an dawo, a buga lamba a ƙaramin faranti a ɗaura da waya.

Daɓen ceka filet kada a yi masa walda da firam. A lanƙwasa gefensa biyu da santimita 4 don ya yi tauri, a huda ramukan noti da ƙarin milimita 2, a aika shi daban. Duk wata huda ta fitila da madigadi da wayoyi da maƙalan shasi a gama ta yanzu, kuma a gwada bodin a kan motar a tabbatar komai ya zauna, sannan a sauke. Noti masu lambar ƙarfi 10.9 da 12.9 kada a tura su, asid yana iya sa su gautsi su karye ba zato. A sayi 8.8 waɗanda suka zo da tutiyarsu. Sifirin da bayarin da duk abin da ke da roba su ma a gida za su zauna.

Idan ya dawo

Ƙa'idar duniya ta tsoma ƙarfe a tutiya, ISO 1461, ta ce ƙarfen da ya wuce milimita 6 ya samu matsakaicin kaurin tutiya maikiron 85 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), wanda ya wuce 3 zuwa 6 ya samu 70, na 1.5 zuwa 3 ya samu 55. Ka nemi su auna a gabanka da na'urarsu ta maganaɗisu. Kada launi ya dame ka. Wani ƙarfe zai fito yana walƙiya, wani toka-toka, musamman layin walda, saboda yawan silikon da ke cikinsa, kuma toka-tokan yakan fi kauri. Abin dubawa shi ne baƙin tabo da ɓawon da ke tashi. Ƙa'idar ta yarda a gyara tabo da fenti mai yawan tutiya idan bai wuce murabba'in santimita 10 ba, kuma jimillarsu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na jikin ba. Abin da ya fi haka, a sake tsomawa.

A goge tsinin da tutiya ta bari da fayil, ba da giranda ba, giranda tana kaiwa ga ƙarfe cikin ƙiftawar ido. A bi ramukan zare da abin yanka zare a shafa giris. Kada a jibge gunduwoyin a kan juna a rufe da tamfol a damina, farin gari zai fito musu. A jingine su inda iska ke ratsawa. Idan firam ya ɗan karkace, a daidaita shi da jak da sarƙa a sanyi, kada a kusanto da wutar gas.

Wajen ɗorawa, leɓen shasi na sama da na ƙasa ba a yi musu walda, ba a huda su. A yi amfani da ramukan da kamfani ya bari a jikin shasi, in kuma dole ne a ƙara, a tsakiyar jikin za a huda, nesa da leɓe. Daga wajen tayar baya zuwa ƙarshe a ɗaure da faranti da noti M12 ko M14 kam-kam, don su ne ke riƙe jan winci. Maƙalai biyu na gaba a sa musu dogon noti da sifirin, domin shasi yana murɗawa a hanya mai gargada, kuma idan bodi ya hana shi, ɗayansu sai ya tsage. Idan an yi amfani da noti mai siffar U, a cusa katako mai tauri a cikin shasi a wurin don kada leɓen ya lotsa. A sake ɗaure duka notin bayan kilomita 500 na farko.

Fitilu a ja musu tasu wayar at, wato ta negatif, daga batir. Idan wata walda ta zama dole daga baya, a cire kan batir, a goge tutiya santimita 3 zuwa 5 kewaye da wurin, a yi aikin a fili, domin farin hayaƙin tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, sannan a rufe da fenti mai tutiya. Fentin mai na yau da kullum ba ya zama a kan sabuwar tutiya, ɓarewa yake yi, sai an fara sa share-fage na musamman. Mafi sauƙi a bar shi da launinsa, a manna tef mai ƙyalli ja da fari a gefe da baya, a kai wa jami'an VIO masu duba lafiyar motoci su duba.

Ko aikin ya cancanci kuɗinsa, ya danganta da inda motar za ta yi aiki. A busasshiyar iska irin ta Katsina ko Maraɗi tutiya ba ta cin ko maikiron ɗaya a shekara, amma a can fenti mai kyau ma yana daɗewa. A bakin teku tana cin 2 zuwa 4 a shekara, wato maikiron 70 zai kai shekara 17 ko fiye, alhali bodin fenti a can yana fara ruɓewa ta ciki tun da wuri. Motar da za ta riƙa zirga-zirga tsakanin arewa da Legas ko Fatakwal, tana kwasar laka da ruwan batir na motocin haɗari, ita ce ta fi cancanta. Wanda kuɗin kaiwa ya fi ƙarfinsa, ya fesa wa firam yashi, ya sa fenti mai tutiya a ranar kafin ƙarfen ya sha raɓa, ya bi da shafe biyu a sama. Sayen fayif galbanayiz a yi masa walda ba madadin tsomawa ba ne, tutiyarsa siririya ce kuma wuta tana ƙone ta a daidai mahaɗin da tsatsa ke farawa. Narka tutiya a gida kuwa kada a gwada, domin babu tukunyar da za ta ɗauki firam mai mita biyar, kuma ɗigon ruwa ɗaya a cikinta ya isa ya makantar da mutum.